Idon da Bai Yi Ja Ba

Ku da kuka fito daga makarantar koyon aikin lafiya jiya-jiyan nan, na ji ɗayanku yana cewa shi ɓangaren ido yake so a tura shi, wai can babu jini, babu wari, ɗiga magani ne kawai ka koma ka zauna. Madalla da wannan tunani. Ni ma haka na ce ranar da aka kai ni wurin Malam Dauda, kuma na ci gaba da faɗa har kusan shekara shida. Sunana Isyaku. Na fara aikin duba ido a wani ƙaramin ɗakin shan magani a ƙasar Rogo a farkon shekarun tamanin, lokacin da komai namu, daga auduga har albashi, daga Karaye ake turo shi.

Malam Dauda gajeren mutum ne, marar yawan magana, tabaraunsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. A babban asibitin ido na Kano ya koyi aiki. Aikin da ya fara ba ni shi ne dafa ruwa. Wata uku ina kunna risho, ina tafasa ruwa da ɗan gishiri, ina mulmula auduga ƙanana-ƙanana ina jerawa a tasa. Da na gaji na ce, "Malam, yaushe zan fara taɓa ido?" Ya dubi hannuna ya ce, "Ranar da ka yanke farce." Na yanke a ranar. Ya ƙara mini wata ɗaya.

Kayan aikinmu ba su cika tebur ba. Akwai tocila mai batir biyu, da gilashin ƙara girma da ake ɗaurawa a goshi, da hantsaki na cire gashin ido idan ya juya ciki yana soka. Akwai man ido na matsawa, wanda mutanen ƙauye suka ɗauka yana maganin komai har kunama. Akwai allon gwajin gani, mai zane kamar mataji mai haƙora uku, wani ya kalli sama wani ya kalli gefe, mutum ya nuna da hannu inda haƙoran suka dosa, don yawancin masu zuwa ba su yi boko ba. Sai abin awon jini a cikin akwatinsa na katako. Shi wannan na daɗe ina mamakin abin da ya kawo shi ɗakin ido.

Yaron farko da Malam ya bari na riƙe, ƙyanda ce ta kama shi. Uwarsa ta kulle shi a ɗaki mai duhu kwana tara, ba wanka ba wanke fuska, don an ce ƙyanda ba ta son ruwa. Idanun sun manne ƙam da kwantsa. Na jiƙa auduga na yi ta gogewa a hankali har suka buɗe, na haska. Na dama ya riga ya yi hakiya, fari fat. Na hagu da sauransa. Malam ya ɗauko wani ɗan ƙwanson bitamin, ya datse bakinsa da almakashi, ya matse a bakin yaron. Uwar ta ce, "Malam, ciwon fa a ido yake." Ya ce, "Na gani, Hajiya. Ta baki ake zuwa." Idon hagun ya tsira. Yaron nan yanzu direba ne, kuma ba na shiga motarsa.

Wata rana wani tela daga Rogo Ruma ya kawo matarsa. Shi ne ya yi bayani, tana zaune kanta a ƙasa. Ciwon kai ɓari ɗaya, sai ta ga wani haske yana walƙiya a gefen ido, wani lokacin idon ya rufe ɗif na ɗan lokaci sannan ya dawo. Na haska, ido fari tas, ba ja ba kwantsa. Na miƙa hannu zan ɗauko man ido, Malam ya taka mini ƙafa. Ya juya wurin mijin ya ce, "Alhaji, taimaka mana. Ƙusar allon nan ta faɗi. Ɗauki ka je can gindin darbejiya ka riƙe mana shi a ƙirji, kada ka motsa." Tela ya tafi ya tsaya ƙiƙam da allo, yana ganin matarsa sarai amma ba ya jin abin da ake faɗa. Malam yana nuna allon da hannu kamar gwaji ake yi, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kina da ciki?"

"A'a."

"Akwai abin da kike sha kullum?"

 Can ta ce haihuwa shida ta yi a jere, ta gaji, wata ƙawarta ta sayo mata ƙwayar hutun haihuwa a kemis, tana ɓoye ta cikin tulun daddawa. Ba wanda ya auna ta kafin ta fara. Malam ya ɗaura mata abin awo, jininta ya hau. Ya ce ta daina wannan ƙwayar daga yau, ta zo ranar awo ta ga Ladi ungozoma, akwai wata hanyar da za ta dace da jikinta. Ƙwayar ba kowa take yi wa haka ba, amma mai irin wannan ciwon kan da hawan jini ba a ba ta, don tana iya jawo mata abin da ya fi ciwon kai. Da tela ya dawo yana murza kafaɗa, Malam ya ce masa, "Hawan jini ne, Alhaji, a rage gishiri." Kuma bai yi ƙarya ba. Ƙusar nan kuwa tana aljihun Malam, shekara da shekaru a nan take zaune.

Bayan sun tafi ya ce da ni, "Isyaku, idan ido ya yi ja, yawanci ciwon a idon yake. Idan mutum ya ce ba ya gani, ka duba ka ga ido fari, ajiye tocilar ka dubi mutumin tun daga kai har ƙafa. In mace ce, ka raba ta da wanda ya rako ta." Na ce to. Na ji, na kuma riƙe, ba zan ce ba a gaya mini ba.

Malam ya yi ritaya ya koma gidansa a Karaye, ɗakin ido ya zama nawa. Ban fi shekara biyu ni kaɗai ba sai ga afolo. Kun san shi a littafi, ƙwayar cuta ce irin ta mura, ido ya yi jawur, ya kumbura, ya yi ta ruwa kamar an watsa yashi a ciki, bayan mako ɗaya ko biyu ya tafi da kansa. Amma a littafi mutum ɗaya yake kamawa. Mu a ƙarshen daminar nan gari guda ya kama. Liman ya ja salla da baƙin tabarau, mahauci yana yanka nama ido a rufe, mai sayar da tabarau a kasuwa kuwa har na yara ya sayar wa dattawa. An ce da kallo ake ɗauka, saboda haka mutane suna gaisawa suna kallon sama, su yi musabaha, sannan kowa ya murza idonsa da hannun. Mata gida ɗaya tandun kwalli ɗaya, maɗigi ɗaya.

Afolon kansa bai makantar da kowa a gabana ba. Abin da ake zuba masa ne yake makantarwa. Na ga wanda ya ɗiga ruwan albasa, na ga na ruwan sukari, na ga na fitsarin saniya. Wani bawan Allah ya ɗiga ruwan batirin mota, da na tambaye shi dalili ya ce ai ya ga yana da ƙarfi. Na ce ƙwarai kuwa.

Layi yakan fara daga ƙofata ya zagaya bayan ɗakin awo. Sai na ƙirƙiro dabara. Na jera benci biyu, mutum goma-goma su zauna su ɗaga kai, in bi su ɗaya bayan ɗaya, in ja fatar ido, in matsa mai, in wanke hannu, in wuce. Man ba ya kashe afolo, yana dai tare wani ciwon kada ya hau kai, ya kuma hana su zuwa neman ruwan batir. Na daina tambayar kowa komai, tunda amsar ɗaya ce. Akwatin awon jini na tura shi ƙarƙashin tebur don in sami wurin ajiye tasa. Kuma ina jin kaina sosai a lokacin, har cewa nake da Malam yana nan da layin nan ya kwana.

Ranar wata Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na iso ƙarshen benci na biyu na tarar da wata yarinya Bafulatana, ba za ta wuce shekara goma sha takwas ba, ta lulluɓe da babban mayafi har gwiwa. Wata dattijuwa tana tsaye a kanta. Daga wata ruga suke a bayan Fulatan. Sunan yarinyar Shatu, dattijuwar kuma uwar mijinta ce, kowa yana ce mata Goggo. Muka gaisa a tsaitsaye.

Goggo ta ce, "Wannan na garin ne ya kama ta. A sa mata man."

Na ja fatar idon Shatu. Fari tas. Na ja ɗayan, shi ma haka. Na ce, "Me kike ji?"

Ta ce a hankali, "Kaina ne. Kuma ina ganin wasu abubuwa kamar tartsatsin wuta suna yawo. Mutane kuma kamar a cikin hayaƙi."

Goggo ta ce, "Haka nawa ya fara."

Na lura fuskarta ta ɗan cika, na ce a raina kumburin afolo ne yake tahowa. Na ga munduwar hannunta ta nutse cikin nama. Na ga takalmanta na roba a kan cinyarta, ta riƙe su da hannu ɗaya. Duk na gani, ba wanda ya ɓoye mini. Amma mutanen ruga sun saba riƙe takalmi a hannu don kada hanya ta cinye shi, ga kuma mutum arba'in a waje suna leƙe. Na matsa mata mai a farin idonta, na ba Goggo guda ta tafi da shi, na ce sau uku a rana. Goggo ta sa mini albarka. Shatu ta miƙe, ta dafa bango, suka fita.

Ranar Alhamis na hau babur na tafi Karaye karɓo man ido a sito, don namu ya kusa ƙarewa. Da na gama na biya in gai da Malam. Na same shi a zaure kan tabarma yana gyaran rediyo. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa a wajenmu. Na shiga ba shi labarin dabarar benci, ina ƙarawa da gishiri. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Duk jajaye ne?"

Na ce, "Duk, Malam. In ban da wata 'yar Fulani shekaranjiya, ita nata bai kai ga yin ja ba tukuna."

Ya ajiye rediyon. "Me ta ce tana gani?"

Na faɗa masa.

"Da aure?"

"Uwar mijinta ce ta kawo ta."

"Ƙafarta fa?"

Na ce ban duba ba, mayafi ya rufe, amma dai takalmanta suna hannu, kamar yadda suka saba.

Ya ce, "A hanya suke riƙewa, Isyaku. In sun shigo gari sawa suke yi, don a gani aka saya. Wadda ta zauna a ɗakin magani da takalmi a cinya, ƙafar ce ta ƙi shiga." Ya cire tabarau ya dube ni. "Cikin fari ne da ita. Ba za ta faɗa ba, uwar mijin ba za ta faɗa ba, ko za a yanka su. Jininta ne ya hau. Ka auna?"

Na ce ban auna ba. Ya ce, "Tashi." A duk zamana da shi ban taɓa jin ya kori baƙo daga zaurensa ba sai ranar.

Ku da kuka taso a birni ba lallai ku gane ba. A wurin mutanen nan, cikin fari abin kunya ne ƙwarai, ba don laifi ba, don ladabi. Yarinya ba ta nuna ta san tana da shi. Surukai ba sa ambatonsa. Za a yi ta zama da shi a gida ɗaya kamar ba a gani, har lokacin da za a mayar da ita gidan iyayenta ta haihu. Ɗan da aka haifa ma ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. To wadda take cikin wannan hali, in kanta yana sarawa, idonta yana rufewa, ɗakin awo ba wurin zuwanta ba ne. Ɗakin ido za ta zo, don ido ba abin kunya ba ne. Ta zo inda ya dace da ita, ta sami wanda ya dace ya gane, ya sa mata mai.

Na koma a guje, kwalin man ido yana tsalle a bayan babur. Na ɗauki Ladi ungozoma a gidanta tana tsakiyar tuƙa tuwo, na jawo akwatin awo daga ƙarƙashin tebur, muka kama hanyar Fulatan. Daga nan muka yi ta tambaya cikin gonakin dawa har muka sami rugar, ana gab da la'asar. Mijin Shatu, Buba, yana daji da shanu. Mahaifinsa muka tarar, wani dogon dattijo yana tufka igiya a gindin ɗorawa.

Sai da muka gaisa. Ba yadda za ka yi. Ina wuni, ina gajiya, yaya shanu, yaya ruwa, yaya masu jiki, yaya hanya, an shimfiɗa tabarma, an kawo nono a ƙwarya. Ina amsawa ina jin kamar in yi tsalle in faɗa bukkar. Ladi ita mace ce, ta gaisa rabi ta sulale ciki da akwatin.

Goggo ta fito, ta gan ni, ta tsaya. Ta ce, "Kai ne. To man naka ya gama aiki. Tun jiya ba ta ganin ko tafin hannunta. Sau uku a rana, ban tsallake ko ɗaya ba."

Ladi ta leƙo ta kira ni gefe. Ta nuna mini da yatsa inda awon ya kai, can sama inda ban taɓa ganin ya kai ba. Ta ce ƙafafun kamar turmi, cikin ya shiga wata takwas, yarinyar tana cewa saman cikinta yana ciwo. Ta ce, "Isyaku, in ba a fita da ita yau ba, jijjiga za ta yi a nan."

Na koma wurin dattijon na durƙusa. Na ce, "Baffa, sai an kai ta babban asibiti yanzu."

Ya ce, "Ciwon ido ne. Kowa ya yi ya warke. Bayan kasuwa mai zuwa za a kai ta gidansu ta huta." Kun ji, ta huta. Iyakar abin da zai iya faɗa ke nan.

Na ce, "Baffa, ka gafarce ni, zan faɗi abin da ba a faɗa. Surukarka ciki ne da ita. Cikin ne ya hau da jininta, jinin ne ya rufe idon. In aka jira kasuwa, za a rasa ta, a rasa abin da ke cikin."

Goggo ta kama baki. Wasu mata biyu da ke daka suka ajiye taɓare suka shige bayan bukka. Dattijon ya juya kai yana kallon wani maraƙi kamar yau ya fara ganinsa. 

Goggo ce ta fara magana. Ta ce, "Shekaranjiya kai ka ce ido ne."

Na ce, "Ni na ce, Goggo. Kuskure na yi. Ya kamata in auna ta, ban auna ba."

Dattijon ya juyo ya dube ni a karo na farko. Ya ce, "Tunda nake ban taɓa jin malamin asibiti ya ce ya yi kuskure ba. Abin har ya kai nan?"

Na ce, "Ya kai, Baffa."

Ya ajiye igiyar ya miƙe. Ya ce a kira Buba, a nemo mota.

A-kori-kura muka samu a Fulatan, ta sauke buhunan masara. Aka shimfiɗa tabarma da zannuwa a baya, aka ɗauko Shatu, idonta a buɗe tana kallon inda ba kowa. Ladi da Goggo da Buba suka hau tare da ita, ni ina bin su a babur. Ba mu kai Karaye ba na ga Ladi tana dukan kan motar. Jijjigar ta zo. Ladi ta juya ta gefe, ta riƙe kanta, Buba yana ta salati, Goggo ta ƙanƙame ƙafafunta tana magana da Fulatanci. A Karaye aka yi mata allura, aka rubuta takarda, aka ce Kano kai tsaye. Na bar babur a gidan Malam na shiga motar. Malam ya miƙo mini hular da na manta a zaurensa.

A Kano suka karɓe ta, suka ciro yaron ta hanyar tiyata. Namiji ne, da ransa. Washegari da hantsi wata ma'aikaciyar jinya ta ga ina ta zagaye a baranda, ta ɗauka ni ɗan'uwa ne, ta shigar da ni ta nuna mini shi, an naɗe shi cikin auduga da zanen flanel mai laushi, ɗan mitsitsi. Na tsaya a kansa na ɗan jima. Daga nan na koma bakin aiki, don layi yana jirana.

Kwana biyu yaron ya yi a duniya. Shatu ta farfaɗo, an ɗora mata shi a ƙirji, ta shafa shi, amma ganinta bai dawo ba tukuna. Buba da mahaifinsa suka yi masa sutura a can Kano. Ganinta ya fara dawowa a rana ta biyar, kafin mako biyu ya dawo gaba ɗaya, kamar yadda yakan yi in an raba mace da cikin, jinin ya sauka. Ba wanda ya ce da ni da an kawo ta tun Talata da yaron ya rayu. Wataƙila da ya rayu, wataƙila da bai rayu ba, Allah ne masani. Amma kwana biyun nan, daga Talata zuwa Alhamis, ni na ci su, kuma abin yana damuna har gobe.

Afolo ya tafi kamar yadda ya zo, mai tabarau ya koma kuka da kasuwa. Na fasa dabarar benci. Na koma ɗaya bayan ɗaya, kowace mace mai farin ido sai na auna ta, layi ya yi ta tsawo, mutane suna cewa Isyaku ya tsufa da wuri.

Bayan kamar wata huɗu, ranar kasuwa, ina cikin aiki sai ga Shatu ta shigo ita kaɗai. Ta bar abokan tallanta a waje, ta sauke ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta tura ƙofar ta rufe. Ta rame, amma tafiyarta daidai. Muka gaisa, na tambayi Baffa, na tambayi Goggo, na tambayi shanu. Na ce me ke tafe da ita. Ta ce ido ne.

Na haska na dama, na haska na hagu. Na auna jininta, lafiya lau. Na ɗaga yatsu daga nesa, ta ƙirga duka. Na ce, "Shatu, ban ga komai ba. Me kike ji?"

Ta ce, "Ba na jin komai."

Na jira. Tana kallon siminti tana murza bakin mayafi. Can ta ce, "Wancan da aka bari a Kano. Ladi ta ce ka gan shi."

Na ce, "Na gan shi."

Ta ce, "A gida ba wanda zan tambaya."

Gaskiyarta. Ba za ta tambayi mijinta ba, ba za ta tambayi Goggo ba, ko uwar da ta haife ta ba za ta iya buɗe baki ta tambaya ba. Buba da Goggo duk sun gan shi, ita kaɗai ce ba ta gani ba.

Na ajiye tocilar. Na ce yana da gashi baƙi, mai laushi, a kwance har goshi. Na ce fari ne, hancinsa dogo irin na Baffa. Kunnuwansa ƙanana, na dama ya ɗan lanƙwashe a sama. Yatsunsa dogaye, ya dunƙule hannu ɗaya a gefen kumatu.

Ta ce, "Ya buɗe ido?"

Na ce, "Ya buɗe. Su na fara dubawa, kin san aikina. Manya ne, irin naki, lafiyarsu ƙalau."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗago ba. Wani a waje ya fara buga ƙofa yana cewa Malam rana tana yi. Na ɗauka za ta tashi, sai ta gyara zama a kan bencin.

Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa mata, a hankali, tun daga gashin.